Tikitin da Yaya Ta Ɗinke

Shekara talatin da ɗaya Yaya ta yi a bakin keken ɗinki, ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Ƙanwarta Auta ce ta ɓamɓaro ta daga shago da ƙyar: gari huɗu a jirgin ƙasa, kowacce da jakarta a baya, a ƙare a bakin teku. Tekun ne ya ja Yaya, don ba ta taɓa ganinsa ba. Sharaɗin Auta ɗaya ne: ba allura, ba zare, ba almakashi.

Ai kuwa Yaya ta zama yarinya. Ta ƙwace kujerar taga tun ranar farko, tana ɗaga wa shanu hannu, tana kushe ɗinkin labulen jirgi. Gari uku suka wuce bakinta bai rufu ba.

A jirgin ƙarshe mai duba tikiti ya tsaya a kansu, maɓallin rigarsa ɗaya na lilo.

"Yaya, miƙo tikitinmu," in ji Auta.

Yaya ta shafa bayan jakarta tana murmushin gwanaye. "Suna nan. Ɓarawon da zai ɗauke su ba a haife shi ba."

Tun a gida ta cusa tikitinsu biyu na garin teku tsakanin yadin jakar da shafinta na ciki, ta bi da ɗinki layi biyu, irin wanda take fahariyar bai taɓa warwarewa ba. Yadda za a fito da su ne kawai ba ta yi tunani ba.

Auta ta sa farce, farcen ya karye. Ta sa haƙori. Wata mata ta ba da makulli, wani dattijo ya ba da cokali, tarago duk ya taso kallo. Ɗinki ko gezau. Abin haushin, Yaya daɗi take ji.

"Kun gani? Aikina ne."

"Baiwar Allah," in ji mai duba tikiti yana danne dariya, "tashar gaba saura minti bakwai. In ban ga tikiti ba, a can za ku sauka."

Nan murmushin ya ɗauke. A sauke ta, ana gab da isa teku? Tsoro ya kama ta sosai. Ta saci kallon Auta, ta sunkuyar da kai, ta sa hannu cikin ɗankwalinta. Sai ga ɗan almakashi, da allura soke a ƙyalle da zarenta.

"Yaya, kin fa rantse."

"Cewa na yi ba zan sa su a jaka ba."

Dariya ta kwantar da Auta a kan kujera. Yaya ta farke ɗinkinta tana tsaki, ta miƙa tikiti. Tunda asiri ya riga ya tonu, sai ta damƙo gaban rigar mutumin.

"Tsaya nan. Maɓallin nan tun ɗazu yake ci mini rai."

Ta soka sau biyu ke nan jirgi ya sha kwana, haske ya cika taga. Ruwa ne shuɗi, shimfiɗe kamar yadin da ba a taɓa sa wa almakashi ba, ba a ganin bakinsa.

Hannun Yaya ya tsaya. Mutumin na tsaye, zare ya haɗa rigarsa da yatsunta.

"Yaya, ƙarasa masa mana."

Ba ta juyo ba. Ta miƙa wa Auta allurar, idonta cike da ƙwalla.

"Ke ƙarasa. Ni hutu nake yi."