Ƙwan Fitilar da Ya Ƙi Kamawa

Auta ta sake goge jar alamar kuskuren, Oga na tsaye a bayanta yana kaɗa kai. Wasan kwamfuta suke ƙerawa don koya wa 'yan firamare lantarki: batir, wayoyi biyu, ƙwan fitila. In yaro ya haɗa daidai ƙwan ya kama, in ya kuskure sai jar alama da ƙara mai tsinka zuciya.

"Litinin za mu miƙa aikin nan," in ji Oga. "Kin cire ƙarar, to me yaro zai ji?"

"Muryar babana."

Shekara talatin Baba ya yi yana koyar da kimiyya, bai taɓa ce wa ɗalibi ya kuskure ba. Sai dai ya gyara tabarau ya ce, "To, me ka gani?" Tambayar nan ta ishi Auta tana ƙarama. Yanzu da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure masa harshe wata bakwai, ba abin da take kewa kamarta.

Ranar Asabar da hantsi ta je gida da kwamfutarta da rikoda don ɗaukar muryarsa.

"Ke da kike gudun darasinsa, yau ke ce da roƙo?" Umma ta ce, tana gyara masa matashi.

Auta ta yi juyin duniya. "Baba, kalma huɗu ce kacal." Ya dube ta, leɓensa ya motsa, ko uffan. Da ta ga haƙarta ba za ta cimma ruwa ba, ta kashe rikodar ta jefa a jaka.

"Bari dai ka ga aikin 'yarka," in ji Auta.

Ta ɗora masa kwamfutar a cinya. Idonta ya cika da ƙwalla, ba ta gani sosai, sai ta ja wayoyin biyu ta maƙala su a kai ɗaya na batir, irin shirmen da take yi tana 'yar shekara tara. Ƙwan ya ƙi kamawa.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya taɓa tabarau.

"To... me kika... gani?"

Umma ta dafe bango. Rikodar na cikin jaka, taku biyu daga inda Auta ta durƙusa. Ta dubi jakar, ta dubi Baba da ke jiran amsa.

"Ban gani ba tukuna, Baba," ta ce.

Ta cire wayoyin, ta sake haɗa su ba daidai ba da gangan.