Sunan Ipeli

"Ku tauna mana! Haƙoran naku na ado ne?" in ji tsohuwa Alasi daga kan gado, numfashi yana sarƙe mata.

Samari da 'yan mata ne cike da ɗakin, kowa da guntun fata a baki, suna tausasa ta don ɗinkin takalmi. Mika, maƙwabciyarta, ta tsaya bakin ƙofa tana kakkaɓe ƙanƙara, jaririyarta na goye cikin rigar sanyi.

Kai, Alasi mace ce! Da jikanta Ipeli ya kashe kansa, ba ta zauna zaman kuka ba. Gida-gida ta bi ta kwaso sa'o'insa, ta ce ita kam ta gama binne yara. Ta koya musu jima da ɗinki da waƙoƙin kakanni, da zagi da komai.

Abu ɗaya ke cin ta. A garin nan nasu na ƙasar ƙanƙara, in mutum ya mutu, akan sa wa jariri sunansa, shi ke nan ya dawo cikin danginsa. An yi haihuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowa ya kauce wa sunan Ipeli, kada ɗa ya gaji ƙarshensa. Alasi ba ta roƙi kowa ba. Mika ma tsoro take ji, wallahi har cikin ƙashi. Amma ga tsohuwa tana shirin tafiya.

Mika ta kwance goyon, ta ɗora wa Alasi a ƙirji.

"Wa muka samu?" in ji Alasi.

"Haba Kaka, ba ki gane shi ba? Ipeli ne."

Alasi ta daɗe tana kallon 'yar fuskar.

"Ja'iri, sai yanzu?" ta ce. "Ka dawo mace, ko? Gara haka, dama farautar ba iya ta ka yi ba."

Aka fashe da dariya, ana share hawaye. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro ɗan takalmi, ƙafa ɗaya tak. Ashe tana ɗinkawa a ɓoye, idon ne ya ƙi kafin ta yi ɗayar.

Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Ranar jana'iza, Mika ta tsaya cikin iska da Ipeli a baya, ƙafafun jaririyar cikin takalma biyu: ɗaya ɗinkinsa sumul, ɗaya a karkace, aikin yaran da Alasi ta koya wa ɗinki.