Rabon Wanda Ya Sa Baki

Duk mai shiga mashayar Farin Rago a garin Barnsley na Ingila ya san Clive Ackroyd, tsohon mahaƙin kwal, ya kuma san wa'azinsa a kan na'urar kacici-kacici da ke jingine kusa da ƙofar bayi. Ka jefa mata fam guda ta jero maka tambayoyi, in ka ci ta zubo kuɗi.

"Kada ka wahalar da kanka da sunan minista," haka yake cewa, ko ba a tambaye shi ba. "Gobe an tsige shi. Haddace abin da ba ya motsi, manyan birane, koguna, sarakunan da suka mutu. Matacce ba ya canja magana."

Shi dai baki ne da shi. Haddar tana kan matarsa Noreen, ita ke amsawa yana latsawa, tun gashinsu na baƙi.

To, bana kan Noreen ya fara yoyo. Ta bar tukunya a wuta ta fita titi da rigar barci. 'Yarsu Beverley ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi, Clive ya ce sai dai bayan ransa.

"Matar da ta san kogunan duniya ce za ki kai a riƙa ba ta abinci a baki? Zo mashaya ranar Lahadi ki gani da idonki."

"Baba, in ta kasa fa?"

"In ta kasa, ki ɗauke ta."

Ranar Lahadi da rana ana yayyafi, mashayar ba kowa sai 'yan tsirarun tsofaffi. Clive ya jefa kuɗin a na'ura, Noreen da Beverley na gefensa. Tsoro yake ji, tsoron da bai taɓa ji ba ko a cikin ramin kwal.

Babban birnin Ostireliya?

"Kanbera," in ji Noreen. "Wawaye ne ke cewa Sidni."

Kogi mafi tsawo a Birtaniya? Kafin Clive ya gama karantawa ta ce Seban. Haka ta yi ta yankan su kamar tana yankan albasa. Sau ɗaya ta yi turus, a kan shekarar da aka ci wani kofin ƙwallo, Clive ya raɗa mata a kunne. Na'ura ta yi kukanta, kuɗi suka zubo.

"Kin gani ko?" Clive ya ce da Beverley, har da ƙwalla. "Wa ya ce hankalin matata ya tafi?"

Noreen ta kwashe kuɗin ta nufi kantar mai sayar da giya, ta dawo da kofin giya guda, tana tafiya a hankali kada ya zube. A Farin Rago, baƙon da ya sa baki aka ci, shi ake saya wa kofi. Naka na gida ba a saya masa, don kuɗin dama naku ne tare.

Ta ajiye kofin a gaban Clive.

"Ga naka, bawan Allah, ai ka taimaka." Ta juya wurin Beverley. "Mu tafi, 'yar nan. Babanki ya kusa fitowa daga rami, ban ɗora komai ba."

Beverley ta kalli ubanta.

Clive ya jima yana kallon kumfar giyar tana kwanciya. Sannan ya ɗaga kofin, kamar yadda baƙo mai ladabi yake yi.

"Na gode, baiwar Allah," ya ce. Ya dubi Beverley. "Akwatinta na saman kabad. Ki sa mata rigar sanyin nan mai ruwan toka."