Ruwan da Aka Rufe da Siminti

A shekara ta biyu da ɗaukewar damina, kamfanin da Gana ke wa aiki ya raba ma'aikatansa gida biyu. Rukunin Gana na huda ƙasa suna neman wani dutse da ko sunansa ba a gaya musu ba. Ɗaya rukunin na haƙa wa ƙauyuka rijiya. Shef, wato shugaban aikin, ya kafa doka: duk wanda ya yi zancen aiki da ɗan wancan rukuni, a bakin aikinsa. Wai kada sirri ya fita. Sirrin dutse, jama'a, a ƙasar da jakai ke cin tsumma!

Wata Talata, gabas da garin Gouna, injinsu ya faɗa kan ruwa. Ruwa garai-garai, har ya jiƙa wa Gana wando. Shef ya ja tsaki, ya ce ba shi ake nema ba, a zuba siminti a toshe ramin. Gana da hannunsa ya kwaɓa.

Can yamma da garin kuwa, Nomau, abokinsa na rukunin rijiya kuma ɗan garin, rami uku suka haƙa, ƙura kawai. Mutane sun koma shan ragowar tabki mai wari.

Masallacin Juma'a na Zinder ne kaɗai ke haɗa su. Juma'ar farko Gana ya buɗe baki, sai ya tuna buhun hatsin da kamfani ke ba shi, da baki goma sha ɗaya da ke jiransa a gida. Ya tsaya a gaisuwa. Ta biyu ya canja sahu don kada su haɗu da Nomau. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne.

Ta uku, ana sallamewa ya damƙe hannun Nomau.

"Akwai ruwa a garinku. Gindin gawon nan na gabas, ƙarƙashin siminti. Su kore ni in sun so."

Nomau ya dube shi.

"Yaushe kuka same shi?"

"Sati na uku ke nan."

Nomau ya zare hannunsa a hankali.

"Kwana tara da muka binne Delu. Ɗiyata, wadda ke kiranka Baba Gana. Ruwan tabki ne ya tsinka mata ciki."

Nomau ya sunkuya yana neman takalmansa cikin na mutane, ya kasa gane nasa.