Lallen da Ba Ya Fita

Masu albasa ne suka kawo labarin har Wurno. Wai a Goronyo, a gidan Husainatu mai ƙunshi, akwai wani lalle da in ya kama ƙafa ba ya saki har abada. Shaidar tana tafin ƙafar Husainatun kanta: baƙi wuluk, ruwa bai wanke shi, dutsen goge kaushi bai kankare shi.

Malama Turai, wadda ta tsufa tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata ta Wurno, ta ji abin ya tsaya mata a rai. Husainatu ƙanwarta ce, ciki ɗaya. Ita kuma ta san fata saɓa take yi, babu rinin da ke zama a kanta.

Ta aika aka kawo mata garin lallen. Ta kwaɓa, ta ƙunsa ƙafarta, ta jingina da darbejiya da hantsi. Ƙamshin ya ɗauke ta. Ga su nan su biyu a bakin gulbin Rima, 'yan yara, ruwa na lasar sawunsu a yashi, Husainatu na gudu tana waiwaye, belbelu na tashi a hankali kamar ba su son barin ƙasa. Da ta farka lalle ya kama jajir. Ta yi ta dubansa kullum, yana koɗewa, har ya tafi kamar kowane lalle.

Sai ta hau mota zuwa Goronyo.

"Yaya! Ke ma lallen kika biyo?" in ji Husainatu. "Da tsufanki, wa za ki burge?"

"Miƙo ƙahwar, sarkin surutu."

A ƙarƙashin jan lallen akwai wani baƙin tabo, bakinsa a yage kamar tawada ta zube a zane. Gefe ɗaya ya tasa, yana ɗan tsatsar ruwa.

"Yaushe kinka fara ganin shi?"

"Tun yana kamar ƙwayar gero. In ya ƙaru sai in ƙara mai lalle, don ya saje da sauran. Mata sunka gani, sunka ce albarka ce. Ni mi zan ce?"

"Kaluluwa fa?"

Dariyar Husainatu ta tsaya. Hannunta ya tafi matsematsinta da kansa.

A hanyar Sakkwato gonakin albasa suna ta wucewa, kore shar, ruwan rani na ƙyalli a tsakaninsu. Husainatu ta yi barci a kafaɗar yayarta. Turai ta riƙe ƙafar nan a cinyarta, tana jin ɗuminta.

A asibiti aka yanki ɗan naman tabon, aka kuma zuƙi kaluluwar da allura. Da sakamako ya fito, likitar, wata mai sanyin murya da ake kira Raihana, ta zaunar da su.

"Inna, akwai wasu furotin da ke riƙe ƙwayoyin fata wuri ɗaya," ta ce. "In sunka canja, ƙwayoyin sai su saki juna su bi jiki."

"Ɗiyata, faɗa mata kai tsaye," in ji Turai.

Raihana ta dubi Husainatu.

"Ba lalle ba ne. Sankarar fata ce, kuma ta riga ta kai matsematsi."