Goron da Veronica Ta Fasa

A taron ƙungiyar 'yan garinsu a Sabon Gari, dattawan Ibo suka ƙi ɗaukar nauyin karatun Ikechukwu. Ya samu gurbin digirin dakta a Ingila, kan warkar da ciwon damuwa da firgici ta hanyar sauraron majiyyaci.

"Mu lauya muke so, ko likita mai allura," in ji shugaba Boniface. "Wa zai tura yaro Ingila koyon hira?"

Veronica, yayar Ikechukwu, na tsaye bakin ƙofa, ranta na tafasa. Tun da mijinta soja ya dawo daga yaƙin Bama ake ɗirka masa allurai, amma har yau kukan jirgin ƙasa ƙarƙashin gado yake tura shi.

Ta ratsa mazan, ta ɗauki goron taro, wanda a al'adarsu mace ba ta fasawa, ta fasa shi a gabansu.

"Zan sayar da rumfata ta Fagge, ya tafi!" Ta dubi Boniface. "Baba, ranar da ɗanka, shi ma soja, ya daina magana, wajena ka zo kana kuka. Allura na yi maka? Ba sauraronka kawai na yi ba?"