Salula a Cikin Alhaji Mutari

"Na ce ba ni komawa gidan likita, Kadi! Randebun nan su ba wani!"

Alhaji Mutari mai sayar da katako yana tsaye tsakar ɗaki, hula a karkace. Matarsa Kadi na zaune tana tsinkar zogale, ta sunkuyar da kai kamar mai nadama, alhali dariya take dannewa.

Wata biyu ke nan da aka yanke masa ƙarin ciwon daji a babban hanji, ya miƙe garau har yana cin kilishi a ɓoye. Ranar sallama lokotoro ya yi dogon bayani da Faransanci, ya ce dole ya riƙa dawowa ana sa masa magani ta jijiya, saboda wasu "selil" da kan ɓuya. Kadi kuwa Faransancinta bai wuce na cinikin tumatir ba, kunnenta salula ya jiyo mata. Mace ɗaya tak ta faɗa wa, ita ma sai da ta rantsar da ita. Kafin la'asar labari ya haye gada ya isa unguwar Harobanda, wai an manta salula a cikin Alhaji.

"Jiya Isaka mai ƙusa ya kanga kunne a cibiyata, wai ana kira!" in ji Alhaji. "Yacouba ya ce in buɗe baki ya sa mini kiredin kira. In aka gan ni ƙofar gidan likita yau, cewa za su yi caji na je."

"To Alhaji, ni abin da na ji shi na faɗa."

"Wa ya aike ki?"

Nan dariyar Kadi ta ɗan ja baya. Ta san in mutumin nan ya kafe ba mai tayar da shi, ga shi yau ce ranar fara maganin. Sai ta ƙwala wa ɗiyarsu Balkissa kira, wadda ke karatun ƙwayoyin halitta a jami'a.

Balkissa ta fito ta durƙusa gefen ubanta. "Inna, selil sush ya ce, wato uwar ƙwaya, ba salula ba. Baba, bangon hanji cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani. A gindin kowane rami akwai ƙwayoyi uwaye, su ke haifar sabon shafen hanji duk bayan 'yan kwanaki. Kowace na ɗauke da rubutu a cikinta mai ce mata haihu, ko dakata. In rubutun ya ɓaci, sai ta manta da dakatawa."

"Kamar Halimatou ta bayan gida," in ji Kadi. "Goma sha ɗaya, ga kuma wani cikin."

"Inna, don Allah! Baba, ƙarin da aka yanke 'ya'yanta ne. Ita uwar tana iya lafewa wani lungu kamar mai barci, bayan shekara ta sake zuba. Shi ya sa ake bi da magani, ana ta dubawa."

Alhaji ya gyara hula. "Sush kika ce? Ai sush kututture ne."

"Shi ne, Baba."

Shekara talatin yana harkar icce, ya san dogon yaro sarai. Ka sare shi har ƙasa, ka bar kututturen, damina ɗaya ya tofo ya fi da.

"Ƙarfe nawa suka ce?"

"Goma."

Kadi ta ture tiren zogale ta miƙe, ranta fari ƙal. "Alhamdu lillahi! Bari in ɗauko mayafi in bi kasuwar Katako rumfa-rumfa in gyara ɓarnata. In ce musu ƙarya na yi, babu wata salula, kututture ne a cikin Alhaji."

Alhaji ya dube ta, ya dubi agogo, ya zura takalmi har yana saka hagu a dama.

"Balkissa, riƙe mini uwarki! Kada ta leƙa ko zaure sai na dawo. Wallahi gara allurar lokotoro da bakin matar nan."

"In an gama cajin ka kira ni, Alhaji!"

Ya fice ya bugo ƙofa garam, har kwanonin saman kabad suka amsa.